Injiniyancin Sinadarai a Jami'o'in Abuja da Zariya: Fagagen Bincike da Kayan Aiki

1.0 GABATARWA

A watan Afrilu na 2012 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da karatun injiniya a Jami'ar Abuja, tare da na likitanci da aikin gona da likitancin dabbobi. Dalilin da aka bayar shi ne an buɗe waɗannan fannoni, an ɗebi ɗalibai, ba tare da an cika sharuɗɗan hukumomin da ke tantance su ba, kuma babba daga cikin sharuɗɗan nan shi ne samar da ɗakunan gwaje-gwaje da kayan aiki. Ɗalibai da iyayensu sun ɗanɗana kuɗarsu kafin a gyara al'amarin, karatu ya ci gaba. Wannan jami'a, wadda aka kafa a 1988, ta fara koyarwa a Gwagwalada a 1990, ita ce gwamnati ta amince a Disamba 2024 a sauya wa suna zuwa Jami'ar Yakubu Gowon.

Abin da ya faru a wancan lokaci ya sa mutane da yawa tambayar da ba su saba yi ba, wato, wane irin kaya ne wannan da rashinsa zai hana digiri amsa sunansa? Maƙasudin wannan maƙala shi ne amsa tambayar dangane da sashe guda ɗaya, wato Sashen Injiniyancin Sinadarai. Za a bayyana ma'anar fannin, da abubuwan da ake bincike a kansu a wannan yanki namu, sannan kayan da binciken ba ya yiwuwa sai da su. Za a riƙa ɗauko misalai daga Babban Birnin Tarayya, inda cibiyoyin bincike da hukumomin da ke riƙe da kuɗi suka taru, da kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta riga sauran jami'o'in Arewa daɗewa a wannan fage.

2.0 MENE NE INJINIYANCIN SINADARAI?

Masanin kimiyyar sinadarai shi ne wanda zai gano, a cikin 'yar kwalbar gwaji, cewa idan an haɗa abu kaza da abu kaza za a sami abu kaza. Injiniyan sinadarai kuwa aikinsa shi ne ya mai da wannan cokali guda ya zama tan dubu a kowace rana, a kan farashin da kasuwa za ta ɗauka, ba tare da masana'anta ta kama da wuta ko ta gurɓata kogin da ke kusa da ita ba.

Mai karatu zai iya zaton wannan ƙari ne kawai na ma'auni, a ninka komai sau dubu a wuce wurin. Ba haka abin yake ba, kuma duk macen da ta taɓa tuƙa tuwon biki ta san dalili. Idan aka ninka faɗin tukunya da zurfinta sau 10, abin da take ci zai ninku sau 1,000, amma jikinta da wuta ke taɓawa sau 100 kawai zai ninku. Saboda haka sai ƙasa ya ƙone alhali sama bai nuna ba, muciyar da ta isa jiya kuma yau ta kasa. A masana'anta matsalar takan juye ta fi haka muni, domin akwai haɗe-haɗen da su ne suke fitar da zafi da kansu, kuma babbar tukunya ba ta iya zubar da zafin da sauri kamar ƙarama. Yawancin lissafin da ɗalibin wannan fanni ke fama da shi shekara biyar, a kan tafiyar zafi da gudanar ruwa da cuɗanyar abubuwa, domin warware wannan matsala ne.

An fara koyar da fannin a matsayin ilimi mai zaman kansa a ƙarshen ƙarni na 19. George Davis ya gabatar da laccocinsa a Mancesta ta Ingila a 1887, shekara guda bayan haka aka buɗe kwas ɗinsa a cibiyar fasaha ta MIT a Amurka. A 1915 Arthur Little ya fito da ra'ayin da har yau shi ne ginshiƙin koyarwa, cewa kowace masana'anta, komai girmanta, jerin 'yan matakai ne da ake maimaitawa: niƙa, tankaɗe, jiƙa, dafawa, tacewa, busarwa, da rarrabe ruwaye ta hanyar tururi. Idan aka dubi sana'o'in Hausawa da wannan ido, za a ga matakan duk suna nan. Mai ƙuli-ƙuli tana soya gyaɗa, ta niƙa, ta yayyafa ruwan zafi tana murzawa har mai ya rabu da tunkuza. Mai sabulun salo tana tsiyayar ruwan toka ta dafa shi da mai. Marinan Ƙofar Mata suna haɗa baba da toka su bar shi ya ruɓa a karofi, majema kuma suna jiƙa fata a ruwan bagaruwa. Bambancin kawai shi ne waɗannan sun gaji gwargwadon ne da ido da hannu, injiniya kuwa dole ya rubuta shi da alƙaluma, yadda wanda bai taɓa ganinsa ba zai iya gina na'ura a kai.

A Nijeriya matatun mai ne suka fara jawo buƙatar irin waɗannan ma'aikata: ta Fatakwal a 1965, ta Warri a 1978, ta Kaduna a 1980, sai ta biyu a Fatakwal a 1989, waɗanda jimillar ƙarfinsu a takarda ganga 445,000 ne a rana. An kafa ƙungiyar injiniyoyin sinadarai ta ƙasa a 1969, a 1970 kuma aka kafa COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, wadda tare da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa take duba ko sashe ya cancanci yaye ɗalibai.

3.0 FAGAGEN BINCIKE

3.1 Farin Yumɓu da Katalis

Ɗanyen mai cakuɗe ne na ruwaye masu yawa, kowanne da zafin da yake tafasa. A matata akan dafa shi a tura tururinsa cikin wata doguwar hasumiya, inda mai sauƙi, kamar iskar gas da fetur, yake hawa sama, kananzir da dizal su tsaya a tsakiya, mai nauyi kuma ya kwanta ƙasa. Matsalar ita ce fetur ɗin da ake samu ta wannan hanya bai kai yadda kasuwa ke nema ba, alhali mai nauyin ya yi yawa. Don haka sai a ɗauki mai nauyin a farfasa dogayen ƙwayoyinsa su zama gajeru, a cikin zafin da ya ɗara digiri 500 a ma'aunin Salshiyas. Wannan fasawa ba ta tafiya yadda ake so sai da wani gari mai laushi da ake kira katalis. Shi katalis tamkar dillali yake a kasuwa: yakan sa ciniki ya faɗa da wuri, ba tare da shi kansa ya shiga cikin hajar ba. Sai dai shi ma yana gajiya, baƙin gawayi yakan lulluɓe shi, a ƙone gawayin a mai da shi aiki, kuma kullum sai an cire wani kaso an zuba sabo. Matatun ƙasar nan daga waje suka saba sayo shi da kuɗin musaya.

Tun daga shekarun 1960, ƙashin bayan wannan gari wani ma'adini ne da ake ƙerawa mai suna ziyolait, musamman nau'in da ake kira Y. Ziyolait kamar rariya yake, sai dai ƙofofinsa ba su kai kashi ɗaya cikin miliyan na milimita ba, kuma a cikin waɗannan ƙofofi ne fasawar ke aukuwa. Abubuwan da ake gina shi da su biyu ne, silika da alumina, su ne kuma ainihin abin da ke cikin farin yumɓun nan da masana ke kira kawolin, wanda ake haƙa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina da Alkaleri ta Jihar Bauci da wasu wurare. A nan ne Sashen Injiniyancin Sinadarai na Zariya ya yi suna, domin Asusun Bunƙasa Fasahar Man Fetur, wato PTDF, wanda aka kafa a 1973 kuma hedkwatarsa ke Abuja, ya ɗauki nauyin kujerar farfesa a sashen, aka duƙufa shekara da shekaru a kan mai da yumɓun Ƙanƙara ziyolait.

Ga yadda aikin yake a taƙaice. Da farko akan jiƙa yumɓun a wanke shi, yashi ya kwanta a zubar, a busar da lallausan. Daga nan a gasa shi a tanderu a zafin da ya kama daga digiri 600 zuwa 900, har ruwan da ke ɗaure a cikin ƙwayoyinsa ya fita, tsarinsa ya rushe, ya zama mai saurin karɓar haɗi. A nan sai wata matsala ta taso. A cikin kawolin, ƙwayoyin silikon da na alminiyom kunnen doki suke, ɗaya bisa ɗaya, alhali ziyolait Y yana son silikon ya fi yawa, kamar biyu da rabi bisa ɗaya. Hanya biyu ce: ko a ƙaro silika daga waje, alal misali daga tokar ɓuntun shinkafa, ko kuma a zare wani kaso na alminiyom da ruwan asid na farar wuta. Hanya ta biyu tana da wata riba da ba a cika lura da ita ba, domin abin da aka zare ɗin shi ne alif, wanda gidajen ruwa ke saye tan-tan. Bayan an daidaita gwargwado sai a kwaɓa da soda mai ƙuna, a bar kwaɓin ya kwana, sannan a rufe shi a tukunyar ƙarfe a riƙe shi a zafin da ya kusa digiri 100 na tsawon sa'o'i masu yawa, wani lokaci fiye da yini, har ƙwayoyin ziyolait su tsiro. Kuskure kaɗan a zafi ko lokaci ko yawan soda yakan haifar da wani nau'in dabam wanda matata ba ta da abin yi da shi.

Yana da kyau a tuna cewa nazarin yumɓu ba baƙo ba ne a ƙasar Abuja. A farkon shekarun 1950 Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda ya yi ta gwada yumɓu da duwatsun yankin don samun haɗin da zai jure wuta mai tsanani, kuma a can Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, ta shahara. Tambayar da magina suka yi wa yumɓu a wancan zamani, wato me ke cikinka, kuma yaya za ka kasance a wuta, ita ce dai ake yi masa yau da na'urori.

3.2 Lakar Haƙar Rijiyar Mai

Ba a haƙa rijiyar mai a bushe. Akan riƙa tura wata laka ta cikin bututun haƙa ta dawo ta gefe, tana sanyaya bakin ƙarfen, tana kwaso ɓarɓashin dutse, tana kuma danne iskar gas kada ta yi ambaliya. Ana haɗa lakar da yumɓun bentonait, mai kumbura idan ya sha ruwa, da dutsen barait mai nauyi, wanda ya ninka ruwa nauyi fiye da sau 4. Akwai barait a Azara ta Jihar Nasarawa, maƙwabciyar Abuja, akwai kuma bentonait a yankin Pindiga ta Jihar Gwambe da wasu sassan Arewa maso Gabas. Illar bentonait ɗinmu ita ce yawancinsa mai kalsiyam ne, ba ya kumbura sosai kamar mai sodiyam da ake kawowa daga Amurka. Binciken da ake yi shi ne na musanya masa kalsiyam da sodiyam ta hanyar cuɗa shi da tokar soda, har wasu sun gwada kanwa, tun da ita ma sinadarin da ke cikinta ke nan. Kamfanonin mai ba sa sauraron roƙo a kan kishin ƙasa, ma'auni suke dubawa: a ƙa'idar Cibiyar Man Fetur ta Amurka, dole na'urar auna kauri ta nuna aƙalla 30 idan tana juyawa sau 600 a minti, ruwan da lakar ke tsiyayarwa kuma kada ya wuce mililita 15. Wanda ba shi da na'urar auna waɗannan biyu, ba shi da bakin magana.

3.3 Ruwa da Muhalli

Ruwan famfon Abuja daga madatsar Usuma da ke yankin Bwari yake zuwa, ana kuma ƙara mata daga madatsar Gurara ta Jihar Kaduna. Kafin ya isa gida sai an zuba masa alif don laka ta dunƙule ta kwanta, a tace shi ta cikin yashi, a sa masa kulorin. Masu bincike sun daɗe suna gwada garin ƙwayar zogale a madadin alif, an kuma tabbatar yana kwantar da laka, sai dai ruwan ba ya ajiyuwa da daɗewa, saboda abin da garin ya bari a ciki abinci ne ga ƙwayoyin cuta. Wani reshen kuma shi ne ƙera gawayi mai zuƙe dafi daga ɓawon gyaɗa ko ƙwallon goruba ko totuwar masara, don cire ƙarafa masu guba daga ruwa, irin su kuromiyom da masana'antun jima na Calawa da Sharaɗa a Kano suke fitarwa, da kuma dalma. Wanda ya tuna yara fiye da 400 da gubar dalma ta hallaka a ƙauyukan haƙar zinariya na Jihar Zamfara a 2010 ba zai ɗauki wannan aiki da wasa ba. Amma a gaskiya wannan fage ya fi kowanne yawan kundayen digiri masu kama da juna: a sauya ɓawo, a sauya ƙarfe, a maimaita gwajin a kofin gilashi, ba a kai ga gina matacin da rijiyar ƙauye guda za ta amfana da shi ba.

Akwai kuma aikin mayukan tsirrai, kamar mai da man bini-da-zugu ko na darbejiya ya zama dizal ta hanyar dafa shi da metanol da soda a zafin digiri 60, da inganta tatsar man kaɗe. Batun kaɗe ya ƙara nauyi tun da Gwamnatin Tarayya ta hana fitar da ɗanyen ƙwallonsa na wata shida a Agusta 2025 domin a riƙa sarrafa shi a gida.

4.0 KAYAN AIKI

Kayan da sashe irin wannan ke buƙata hawa uku ne, kuma ba daidai suke da tsada ko wuyar riƙo ba. Hawa na farko shi ne ɗakin koyar da matakan aiki, inda ɗalibi zai ga ƙaramar hasumiyar tacewa ta gilashi, da na'urar musayar zafi, da famfuna da bututai masu ma'auni, da matsar tacewa da tanderun busarwa. A nan zai buɗe bawul da hannunsa, ya auna abin da ya shiga da abin da ya fita, ya gano cewa lissafin littafi da na na'ura ba sa cika haɗuwa, ya nemi inda saura ya tafi. Irin wannan ɗaki ne masu tantancewa suke fara nema, domin ɗalibin da bai shige shi ba, sai ranar da ya je koyon aiki na wata shida a masana'anta, a shekararsa ta huɗu, zai fara ganin abin da ya haddace. Ɗakin kwamfuta, inda ake kwaikwayon masana'anta sukutum da manhajoji irin su Aspen HYSYS, ya rage wani nauyin, amma kwamfuta ba ta yoyo, ba ta toshewa, ba ta ƙona hannu.

Hawa na biyu shi ne na'urorin tantancewa, kuma a nan kuɗi suke. Farin garin da ya fito daga tukunyar mai binciken ziyolait, da ido ba a bambanta shi da alli. Sai an haska shi da hasken eksire a na'urar da ke nuna tsarin ƙwayoyi kafin a san ko Y ne ko waninsa. Wata na'urar ta faɗi yawan silikon da alminiyom, wata ta auna faɗin ƙofofin ciki ta hanyar shaƙar iskar naitirojin mai tsananin sanyi, inda giram ɗaya na ziyolait mai kyau yakan ba da faɗin da ya kai murabba'in mita ɗari-ɗari. Madubin ilektiron yana nuna siffar ƙwayoyin, na'urar rarrabe tururi kuma ita ke faɗin ko fetur aka samu bayan fasawa. Ba kowane sashe ne zai mallaki waɗannan duka ba, bai ma kamata ba. Shi ya sa aka kafa cibiyoyin tarayya. A Sheda, cikin Ƙaramar Hukumar Kwali, akwai cibiyar kimiyya da fasaha ta SHESTCO, wadda aka kafa a 1993 da manyan ɗakunan gwaji na sinadarai da fiziya da fasahar halittu, da niyyar masu bincike daga ko'ina su zo su yi amfani da su. A Maitama akwai Majalisar Binciken Albarkatun Masana'antu, wadda dokar 1987 ta kafa, a Galadimawa kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka, wadda aka kafa a 2007. Zariya tana da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, da Cibiyar Binciken Makamashi, inda ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike take aiki tun 2004, ana amfani da ita wajen gano ma'adinan da ke cikin samfur. Ta wannan fuska sashen da ke Abuja ya yi sa'ar maƙwabta, in har an san yadda za a ci moriyarsu.

Sayen na'ura, wanda asusun TETFund ya sauƙaƙa tun bayan dokarsa ta 2011, shi ne ɓangare mafi sauƙi. Riƙonta shi ne aiki. Madubin ilektiron yana son wutar da ba ta rawa da ɗaki mai sanyi marar ƙura, a ƙasar da hunturu ke shigo da ƙura ta kowace kafa. Na'urar rarrabe tururi tana cin iskar hiliyom da ake sayowa daga waje. Tukunyar ziyolait da wuta ta ɗauke mata a sa'a ta 10 ba a ɗorawa daga inda aka tsaya, sai a zubar a sake kwaɓi. Sama da duka akwai ma'aikacin fasaha, wanda shi ya san lafiyar na'ura da ciwonta, amma tsarin aikin jami'a bai ba shi darajar da za ta zaunar da shi ba. A ganina, sashen da ke da na'ura uku masu aiki da ƙwararre ɗaya da ya shekara 10 a kansu ya fi wanda ke da guda 10 a lulluɓe da leda.

Hawa na uku shi ne ƙaramar masana'antar gwaji, wadda ke tsakanin kwalbar ɗakin bincike da masana'anta ta sosai. Ita ce aka fi rashi, ita ce kuma ainihin abin da ya raba wannan fanni da kimiyyar sinadarai zalla. Misalin da aka fi sani a Arewa shi ne ƙaramar matatar da ayarin Farfesa Ibrahim Mohammed-Dabo ya gina a Zariya, mai tace ganga ɗaya a rana. Idan aka ajiye ta kusa da matatar Zinder ta Jamhuriyar Nijar, mai ganga 20,000, wadda aka buɗe a 2011, ko ta Ɗangote a Legas, wadda aka tsara a kan ganga 650,000 ta kuma fara aiki a 2024, sai ta zama abin dariya ga wanda bai san amfaninta ba. Ba don sayar da fetur aka gina ta ba. A cikinta ne za a zuba katalis ɗin da aka yi da yumɓun Ƙanƙara, a tura masa mai na gaske a zafi na gaske, a ga kashi nawa ya zama fetur, sau nawa za a ƙone shi ya farfaɗo, da kuma ko ƙwayoyinsa suna jure gogayya ko suna rugurgujewa su bi hayaƙi. Babu manajan matata da zai zuba garin da bai sani ba a na'urar da tsayawarta ta yini guda asarar miliyoyin daloli ce, sai an kawo masa waɗannan alƙaluma, daga gwajin kilo ɗaya, sannan na kilo 100, sannan na tan guda.